Jirgin Albasar Mode

Jirgin ƙasa bai taɓa taka ƙasar Wurno ba, amma in ka zauna da Mode na rabin sa'a sai ka rantse tashar tana bayan gidansa. Duk iliminsa na jirgi a Ƙaura Namoda ya samo shi, inda ya je cin rani sau biyu yana saurayi, yana tallar rake a bakin tasha. Wata rana direba ya yafuto shi, ya hau har cikin kan jirgi ya miƙa rake, ya tsaya gwargwadon lokacin da za a fere gaɓa biyu. To, wannan 'yar tsayuwar ce ta yi ta girma a bakinsa shekara arba'in. Da fari cewa yake ya taɓa sitiyari. Daga baya ya ce shi ya ja jirgin har Gusau. Yanzu da furfura ta cika gemu, ai shi ne ma ya koya wa direban aiki. Ranar da wani malamin makaranta ya gaya masa jirgin ƙasa ba shi da sitiyari, Mode bai ko girgiza ba, ya ce na zamaninsu yana da shi, lalacewar zamani ce ta cire.

Abin da ba za a raina wa Mode ba shi ne hannu. A zaurensa ya ƙera ɗan jirgi da gwangwanayen madara da na kifi, ya yi masa layi da waya, ya sa masa ɗan injin tsohuwar rediyo mai kaset. Ya gina tasha da yumɓu, har da wani ɗan mutum mai jar hula a tsaye bakin ƙofa, wanda ba sai an gaya maka ko wane ne ba. In ya haɗa batir, sai jirgin ya kama zagaye a fili kamar faɗin tabarma, ƙir-ƙir-ƙir, ya je ya dawo. In yana so ya tsaya, sai ya sa hannu ya ɗauke shi. Mutane suka riƙa zuwa kallo har daga Rabah, suna cewa tubarkalla. Yabon nan shi ya ƙarasa Mode.

Wata ranar Laraba bayan La'asar, ana zaune gindin dogon yaro ana hirar albasar bana, Mode ya gyara murya.

"Shekara nawa muna bin gindin jakkai awa waɗanda anka yi ma baki? Ni dai na gama. Bana albasata ba ta hawa jaki. Jirgi za ta shiga."

Junaidu mai jakuna yana wurin. Tare suka yi makarantar allo da Mode, kuma shekara talatin jakunansa ke hauro da albasar Mode daga fadama zuwa tudun bakin hanya.

"Wane jirgi, Mode? Wanga na gwangwani?"

"Babban wanshi. Daga gonata hat tudu."

"Albasa nawa gwangwanin madara ka ɗauka?"

Aka kwashe da dariya. Dariyar ta shiga Mode har ƙashi, ya miƙe tsaye yana nuna Junaidu da carbi.

"Kai dai ka samu mai sayen dabbobinka tun suna da daraja. Jaki abin hawan jahilci na. Rad da kag ga albasata bisa jakinka, ka kira ni da sunan da kag ga dama."

Junaidu ya juya ya dubi jama'a. "Kun jiya?"

Suka ce, "Mun jiya."

Kashegari Mode ya ja bijiminsa zuwa kasuwa. Matarsa Hauwa'u ta tare shi a bakin turke, muciya a hannu.

"Malam, ina za ka da shi?"

"Ƙarhe za ni saye."

"Ƙarhe muka ci gidan ga? Ka saida sa, to, naka na. Amma ka ji tsoron Allah ka bar albasag ga ta hito lahiya. Ita ta hatsinmu, ita ta suturarmu. Rumbu ya kai ƙasa, ka leƙa ka gani."

"Hauwa'u, ke ba ki san jirgi ba."

"Kai ma rake kas sani."

Duk Wurno ita kaɗai ke iya gaya masa wannan, don haka ya yi kamar bai ji ba ya ja igiya.

Aikin ƙira ya faɗa hannun Kabiru mai walda, wani ƙaton magidanci mai tumbi wanda bai taɓa musu da mai kawo aiki ba. Suka tara tsofaffin bututun ƙarfe na ban-ruwa suka yi layi, suka shimfiɗa shi a kan gumagumai na dogon yaro. Ƙafafun jirgi kuwa gangar ƙafar babur ce da aka cire wa taya, ta zauna a kan bututun daram kamar don shi aka yi ta. Aka tsaga durom-durom biyu-biyu suka zama taragai, aka ɗauko injin ban-ruwan Mode aka ɗaura masa bel. Gaskiya duk wanda ya gani sai ya jinjina.

Wajen shimfiɗa layi ne Kabiru ya ɗan yi magana.

"Kawu, mi zai hana mu miƙe shi sak, daga gona zuwa tudu? Ƙarhen zai hi isa."

"Ka taɓa ganin jirgi ya miƙe sak? Tahi zaurena ka diba. Zagaye shika yi."

"To birki hwa?"

"Shekara ukku ina jan na zaure, ka taɓa ganin na taka birki? Kai za ka zauna baya wurin inji. In na ɗaga jan ƙyalle, ka kashe. Shi ke nan birki."

Haka layin Mode ya taso daga ƙasan fadama, ya hau tudu, ya karkato ya sauko ta ɗaya gefen, ya zagaye gonarsa kaf ya haɗe bakinsa.

Gwajin farko, ashe an juya bel. Kabiru na jan igiyar inji, jirgi ya zabura da baya, ya bi ta kan kwanon furar Mode, ya sauka daga layi ya kifa cikin lambatu. Mode ya gaya wa masu kallo da gangan aka yi, ana gwada giyar baya ne. Kwana uku bayan haka wani makiyayi ya ratsa da shanunsa, suka tattake layin suka bar shi a karkace. Mode ya kafa allo ya rubuta da jan fenti cewa a kula, hanyar jirgi ce. Junaidu ya zo wucewa da jakunansa, ya tsaya ya daɗe yana duban allon.

"Mode, shanun ga boko sunka yi ko allo? Kak ka rubuta musu da abin da ba su iya karantawa."

Ana cikin haka albasa ta nuna, aka cire. Ta Mode ta yi kyau bana, manya-manya jajaye, aka tara ta tsibi guda a tsakiyar gona tana shan iska. Sai ga shela a rediyo da masallatai: ranar Asabar za a sako ruwa daga dam ɗin Goronyo, duk mai kaya a ƙasan fadama ya kwashe kafin Juma'a ta fita. Gari ya ruɗe. Jakunan Junaidu suka yi ta hawa da sauka tun daga sallar Asuba, mangala bayan mangala, har fadama ta yi fayau. Tsibi ɗaya kawai ya rage.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Junaidu ya bi Mode har gona. Ya tarar da shi yana shafa wa taragai fenti kore da fari.

"Mode, mu aje wasa. Bari in kwashe maka ita yanzu, kahin Magariba mun gama. Ba ni hwaɗa ma kowa."

"Gobe da hantsi jirgi zai tashi."

"Mi zai hana shi tashi yau?"

"Henti bai bushe ba."

"Ruwa ka jiran henti?"

"Ruwa daga Goronyo ba ya isowa sai bayan Azahar. Ni na san tahiyar ruwa. Sawu goma jirgi ya kwashe ta, ina zaune. Ka zo kallo, kyauta na."

Ranar Asabar tudu ya cika maƙil. Masu rake da masu ƙosai suka kafa sana'a, dattawa suka shimfiɗa tabarmi, Junaidu ya ɗaure jakunansa a inuwa ya zauna yana cin goro. Can ƙasa kuwa an cika taragai biyar da albasa har tana tuɗowa. Mode ya fito cikin farar babbar riga da jar dara, usur irin na alƙalin ƙwallo rataye a wuya, jan ƙyalle a hannu. An ɗaure masa kujerar ƙarfe a can gaba. Inji kuwa a can ƙarshen baya ya sa aka kafa shi, don kada hayaƙi ya ɓata masa riga. Ya sa an cika tanki da fetur har baki, yana faɗa da ƙarfi don a ji cewa jirginsa ba ya tashi da rabin ciki.

Kabiru ya hau wani ɗan katako kusa da inji ya tsuguna. Mode ya yi bisimilla, ya busa usur. Kabiru ya ja igiya.

Jirgi ya yi wata irin fizga. Kabiru ya tafi da baya, ƙafafu sama, ya dira a kan kunyar gona tim. Mode bai waiwaya ba, don a ganinsa direba ba ya waiwaye.

Kai, jirgin nan ya yi tafiya! Ya taso daga fadama yana ƙara, ya kama hawan tudu ba ko tari, albasa na rawa a taragai. Jama'a suka ɗauki kabbara. Daɗi ya kama Mode har idonsa ya kawo ruwa, shekara arba'in yana jan jirgi da baki, yau ga shi a kai. Da ya iso daidai inda za a sauke kaya, ya ɗaga jan ƙyalle a hankali, da ƙasaita.

Jirgi ya wuce abinsa.

Mode ya ƙara ɗaga ƙyalle, ya kaɗa shi. Jirgi ya karkata ya kama gangara. Sai ya ɗaga wa mutane ɗaya hannun, wai su ɗauka zagayen gaisuwa ne. Ya sauka fadama, ya wuce tsibin albasa, ya sake hawowa. Yana isowa tudu, wa zai gani tsaye cikin 'yan kallo yana haki yana kakkaɓe wando in ba Kabiru ba.

"Kabiru! Mi kaka yi nan?"

"Na hwaɗi, Kawu!"

"To wa ad da inji?"

"Allah!"

Kafin Mode ya sake buɗe baki, jirgi ya yi gaba da shi.

Nan fa shawara ta yi yawa. Wani ya ce a gitta gungume a kan layi. Mode ya jiyo da ya zagayo, ya yi ihu duk wanda ya gitta wani abu shi da shi sai gaban alƙali, so ake a karya masa wuya? Wani ya ce ya diro. Ya ce direba ba ya barin jirginsa, alhali tsoro ne ya hana shi, ya ƙanƙame hannun kujera har jijiyoyi sun fito. Kabiru ya karɓi gorar wani dattijo ya tsaya bakin layi, ya ce zai doki makunnin inji in ya zo wucewa. Ya auna, ya rufe ido ɗaya, ya kai duka. Gora ta sauka a kan totur, abin ƙara wa inji wuta.

Inji ya yi kururuwa. Jirgin da ke tafiyar sassarfa ya koma sukuwa. Dara ta tashi daga kan Mode ta bi iska. Duk kwanar da aka sha sai albasa ta yi tsalle daga taragai, wata ta sami mai ƙosai a goshi, wata ta faɗa cikin mai. Wani tsoho ya tambayi Kabiru yaushe fetur zai ƙare. Kabiru ya ce yadda Kawu ya cika tankin nan, sai dai a yi La'asar a dawo.

Sai wata murya ta ce, "Jama'a, ku diba can!"

A can ƙarshen fadama wani abu yana ƙyalli cikin rana, yana rarrafowa tsakanin kunyoyi. Ruwan Goronyo bai nemi shawarar Mode ba, ya iso tun hantsi bai gama ɗagawa ba.

Mode ma ya gani. Da jirgi ya kawo shi tudu, ya wage baki.

"Junaidu! Kawo ɗauki!"

Junaidu ya sa hannu a kunne. "Mi kac ce?"

Jirgi ya wuce. Aka jira. Ya zagayo.

"Kwashe mani albasa!"

"Bisa mi?"

Ya wuce. Yanzu kowa a tudu ya juya yana bin farar riga da ido tana sauka tana hawowa.

"Bisa abin hawanka!"

"Abin hawana keke na, kuma ya yi hwaci!"

Dariya ta ɓarke har dattawa na riƙe ciki. A zagaye na gaba Mode ya zo ya wuce. Idonsa na kan gonarsa. Ruwa ya riga ya taɓa gindin tsibin. Tsoro na gaske ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Wata biyar yana ban-ruwa, bayansa har yanzu ciwo yake, ga sa ya tafi, ga rumbun da aka ce ya leƙa bai leƙa ba. Girman kan da ya rage masa ya auna shi da tsibin nan, ya ga ko tukunya ɗaya ba zai ɗora ba.

Tun daga nesa aka jiyo shi.

"Bisa jaki! Jaki, Junaidu! Jaki ya hi jirgi! Don Allah, don zaman tare!"

Wasu suka yi shewa, amma Junaidu bai yi dariya ba. Ya tofar da goro, ya miƙe, ya kwance jakunansa ya kora su gangara da gudu, magidanta na biye da shi.

A nan ne aikin Mode ya nuna kansa sosai. Tsibin albasa yana tsakiyar zagaye, layi ya kewaye shi ta ko'ina, ba ƙofa ba taga. Duk mai son isa gare shi sai ya tsallake ƙarfe, ga kuma jirgi na zuwa kamar mahaukacin sa kowane ɗan lokaci. Babban jakin Junaidu ya zo bakin layi ya shinshina, ya kafe. Aka ja, aka tura, aka lallaɓa, da ƙyar ya ɗora kofato ɗaya a kan bututu. Daidai nan jirgi ya ɓullo daga kwana. Mode ya ga dabba a kan hanya, direbancin ya motsa, ya cusa usur a baki ya busa iya ƙarfinsa.

Jakuna suka watse. Ɗaya ya yi gabas da mangala a wuya, biyu suka koma tudu suka ratsa ta cikin masu rake, babban ya ja Junaidu a ƙasa taku goma kafin ya saki igiya.

"Wa ya ce ka busa?" in ji Junaidu yana tofar da ƙasa.

"Doka ta!" in ji Mode, ya wuce.

Mutane suka koma tsallakawa da ƙafa, in jirgi ya gifta su ruga su cika gaban riga da albasa su rugo. Ba a yi sawu uku ba ruwa ya kai gwiwa, ƙasa ta zama taɓo, kowa ya nemi tudu. Gumaguman da ke ƙarƙashin layi suka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya. Jirgi ya gangaro zagayensa na ƙarshe, ya shiga ruwa da ƙarfinsa yana feshi, ya rage gudu, ya karkata a hankali kamar raƙumi zai durƙusa. Inji ya yi tari biyu ya yi shiru. Ga Mode zaune a kujerarsa, ruwa har ƙugu, jan ƙyalle na nan a hannu.

Yana zaune yana kallo tsibin ya narke. Albasa ta taso saman ruwa, ta gona da ta taragai, fadama ta yi ja wur, sannan duk ta juya ta bi igiyar ruwa zuwa gulbi, a jere, ba gaggawa. Ba wanda ya yi dariya a tudu. Kabiru ne ya shiga ya goyo shi ya fito da shi.

Abin da aka tsirar bai wuce mangala ɗaya ba. Junaidu ya kamo jaki guda ya ɗora masa, ya raka Mode har ƙofar gida, bai kira shi da kowane suna ba duk da an ba shi dama. Ya sauke kayan a zaure ya tafi.

Hauwa'u na tsakar gida tana tankaɗe ɗan garin da ya rage. Labari ya riga shi isowa tun tuni. Ta dubi rigar da ta zama ruwan ƙasa, ta dubi kan da ba hula, ta leƙa zaure ta ga mangala ɗaya.

"Malam, ina sauran?"

Mode ya matse bakin riga, ya gyara tsayuwa. Ya sha wuya, amma bakin nan bai jiƙe ba.

"Hauwa'u, ki yi tunani. Albasag ga dama ina za a kai ta? Ba Sakkwato ba? To gulbin ga ina ya nuhwa? Sakkwato. Yanzu haka ta wuce rabin hanya, ba dillali, ba ɗan dako, ba kuɗɗin mota. Wurno duka ba wanda kayanshi za su riga nawa isa kasuwa."

Hauwa'u ta ajiye rariya. Ta tashi ta ɗauko takalmansa da ya tuɓe a bakin ƙofa, ta juya su suka fuskanci waje, ta ajiye a gabansa.

"To maza ka bi ta, Malam, kak ta isa ba mai ita. In ka saida, ka biyo da hatsi. Tukunya na nan tana jiranka."